Tafarnuwa, citta da zogale a abincin buroila: inda suke aiki da inda ba sa yi

Duk inda masu kiwon kajin gidan gona suka haɗu, a shagon abincin kaji ne ko a bakin kasuwar 'yan kaji, da wuya a watse ba a taɓo zancen haɗin gargajiya ba. Wani zai ce tun da ya fara niƙa tafarnuwa da citta da kurkur yana zuba wa kajinsa a ruwa, ya manta hanyar kantin magani. Wani kuma zai rantse ruwan darbejiya ne ya tsayar masa da girman kaji ana saura mako biyu Sallah. Abin da ya sa musun ba ya ƙarewa shi ne, mai yiwuwa ne kowannensu gaskiyarsa ya faɗa. Ganye da saiwa da kayan yaji suna aiki a jikin kaza, wannan ba camfi ba ne. Sai dai aikin yana da iyaka, yana da sharaɗi, kuma yawancin asarar da ake tafkawa daga ɗora musu nauyin da ba nasu ba take zuwa.

Kafin a je ga ganye, sai an san kazar da ake magana a kai. Buroila ba kazar Hausa ba ce da ta samu abinci ta ƙoshi. Iri ne da kamfanoni suka shafe fiye da shekara 60 suna zaɓe suna tacewa, abu guda suke nema: ta mayar da masara da waken suya nama cikin gaggawa. A 2014 masu bincike a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada sun fitar da sakamakon wani gwaji da ya nuna girman wannan sauyi. Sun kiwata irin kajin 1957 da na 1978 da na 2005 da abinci iri ɗaya da kulawa iri ɗaya. Da suka cika kwana 56, ta 1957 ta kai giram 905, ta 1978 ta kai kilo 1.8, ta 2005 kuwa ta haura kilo 4. Su Ross 308 da Cobb 500 da Arbor Acres da ake kawo mana 'yan tsakinsu a kwali, galibi daga wuraren ƙyanƙyasa na Ibadan da kewaye, zuriyar wannan zaɓe ne.

Saurin girman nan ba kyauta ba ne. Zuciya da ƙafafu suna shan wahala, amma babban nauyin a kan hanji yake. Abinci kan ratsa cikin buroila ya fita cikin 'yan sa'o'i, saboda haka duk abin da za ta amfana da shi dole ta tsotse shi a wannan ɗan lokaci. In aka tsaga hanjin kaza mai lafiya aka duba da madubin likita, za a ga bangonsa na ciki cike da 'yan tsirai a tsaitsaye kamar gashin tawul. Su ne ke tsotse abinci. In sun yi tsawo kuma ba su ji ciwo ba, kaza na cin moriyar kowace tsaba. In ƙwayoyin cuta suka gwaguye su, ko bangon ya kumbura, sai abinci ya riƙa wucewa a banza, ɗan wanda aka tsotsa kuma jiki ya ƙarar da shi wajen gyara da faɗa da cuta maimakon tara nama. Mai kiwo ba ya ganin tsiran nan, alamunsu yake gani: kashi ya yi ruwa ko kumfa, wani lokaci da ɓarɓashin masara a ciki bai narke ba, garin katakon da aka shimfiɗa ya jiƙe ya dunƙule, warin da ke sa ido hawaye ya cika ɗaki, buhu na ƙarewa amma sikeli ba ya motsi.

Shekaru da dama antibayotik aka yi amfani da shi wajen danne wannan matsala. A ƙarshen shekarun 1940 Thomas Jukes da Robert Stokstad, da ke aiki a ɗakin binciken Lederle a Amurka, sun lura cewa 'yan tsakin da aka ba ragowar abin da aka haɗa maganin Aureomycin da shi sun fi sauran girma. Zuwa 1951 hukumomin Amurka sun halatta zuba ɗan antibayotik a abincin dabbobi, ba don jinya ba, don ƙiba kawai. Akwai wani gwaji da aka yi daga baya a Ingila wanda a ganina shi ne mabuɗin wannan zance gaba ɗaya. An reni 'yan tsaki a keɓe, babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya a jikinsu, aka ba su antibayotik, sai aka ga bai ƙara musu girma ba. Ashe maganin ba ya gina nama da kansa, nauyin ƙwayoyin da ke cikin hanji kawai yake ragewa. A riƙe wannan, domin ganye ma kusan haka lamarinsa yake.

Illar dabarar ta fito daga baya. Bakteriyar da ta saba da ɗan magani kullum takan koyi jure masa, kuma ba a ɗakin kaji take tsayawa ba. Tana bin nama da taki da ruwa da hannun mai shara har ta isa ga mutum. Suwidin ta hana bayar da antibayotik don ƙiba tun 1986, Tarayyar Turai ta kammala haramta shi ranar 1 ga Janairun 2006. A 2015 aka gano a ƙasar Sin wani sinadarin gado mai suna mcr-1 da ke sa bakteriya ta jure kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai sun rasa yadda za su yi, kuma an same shi a aladu, da naman kasuwa, da marasa lafiya a asibiti. A 2020 Sin ta janye magungunan ƙiba daga abincin dabbobi, amma ta bar waɗanda aka haɗa da tsirranta na gargajiya. Wannan ne ya juyo da hankalin kamfanonin abincin dabbobi da jami'o'i zuwa ga ganye. Ba son gargajiya ne ya kawo su ba, doka ce ta rufe musu tsohuwar hanya.

Mu ma abin ya shafe mu, har fiye da su. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 sakamakon bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Ba kaji kaɗai ne sanadi ba, yadda mu kanmu muke shan magani ba bisa ƙa'ida ba yana da babban kaso. Amma duk wanda ya san harkar ya san yadda ake sayen ledar okisitetirasaikilin ko tailosin ko enrofulokzasin ba tare da ganin likitan dabbobi ba, a fara zuba wa 'yan tsaki tun ranar da suka sauka, a ci gaba duk sanda aka ji wata ta yi atishawa, a kuma kai kasuwa ba tare da an jira kwanakin da aka rubuta a jikin leda don maganin ya fita daga nama ba. Duk abin da zai rage wannan ɗabi'a ya cancanci a duba shi da idon basira.

To yaya ganye ke aiki? Abin da kowa ke fara faɗa shi ne yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma nan ne aka fi zuzuta shi. Gaskiya ne cewa a ɗakin gwaji, sinadaran da ke cikin man kayan ƙamshi suna fasa fatar bakteriya: yujinol na kanumfari da daddoya, sinamaldehaid na girfa, alisin na tafarnuwa, kabakurol da taimol na ganyen origano da tayim. Amma faranti daban, cikin kaza daban. Yawan da ake bukata don kisa a faranti ya fi abin da ke isa ƙasan hanji nesa ba kusa ba, domin waɗannan sinadarai jiki na tsotse su tun daga sama, a tumbi da ƙundu da farkon hanji. Ita kuwa Clostridium perfringens, bakteriyar da ke ruɓar da bangon hanjin buroila, can ƙasa ta fi zama. Shi ya sa manyan kamfanoni ke lulluɓe sinadaran da wani maiƙo don su riƙa narkewa a hankali har su kai inda ake so. Abin da za a iya tsammani daga garin da aka daka a gida shi ne ya ɗan rage ƙarfin miyagun ƙwayoyi ya ba masu amfani sarari, ba ya share hanji tas ba.

Aikin da ya fi tabbata shi ne wanda ba a cika ambata ba. Citta da kurkur da barkono da masoro suna motsa hanta ta ƙara zubo ruwan maɗaciya, suna kuma ƙara yawan ruwan da ke narkar da abinci. Wannan na da muhimmanci ga ɗan tsako, domin a makonninsa na farko bai iya narkar da mai sosai ba, alhali abincin buroila da mai ake ƙara masa ƙarfi. Barkono ma ba ya damun kaza yadda yake damun mu, tsuntsaye ba sa jin yajinsa ko kaɗan. Sannan da yawa daga cikin waɗannan tsirrai suna kwantar da kumburin bangon hanji, kuma a gwaje-gwaje da dama an auna tsiran hanjin kajin da aka ba su aka ga sun fi tsawo.

Sai batun zafi, wanda a ƙasarmu ya fi komai. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta yana tsakanin digiri 41 da 42, babbar buroila kuwa ta fi jin daɗi in ɗaki bai wuce digiri 24 ba. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, daga Maris zuwa Mayu, ma'auni na haura 40 a inuwa. Shiga ɗakin kaji 'yan mako biyar da azahar a irin wannan lokaci: baki a buɗe, maƙogwaro na bugawa, fukafukai a ware, ƙirji a manne da ƙasa, babu mai kallon abinci. A cikin jiki jini ya bar hanji ya koma wajen fata don fitar da zafi, bangon hanji ya raunana ya fara barin guba ta tsallaka cikin jini, ƙwayoyin halitta kuma suna lalacewa da sauri fiye da yadda jiki ke iya gyarawa. Zogale da kurkur da citta da habbatus sauda suna ɗauke da sinadaran da ke rage irin wannan lalacewa, kuma a nan ne gwaje-gwaje suka fi nuna bambanci tsakanin kajin da aka ba da waɗanda ba a ba ba. Na yarda da wannan amfani. Amma babu ganyen da zai sauko da zafin ɗakin kwano mai ƙaramar taga. Rage cunkoso, buɗe iska, ruwa mai sanyi da ba ya yankewa, da mayar da cin abinci zuwa sassafe da dare, su ne ke hana kwasar gawa da la'asar.

Inda muka fi rauni shi ne awo. A 2015 Tarayyar Turai ta amince da wani haɗi na kabakurol da sinamaldehaid da man barkono don kajin nama, bayan an gabatar da gwaje-gwajen da suka gamsar da hukumarta. Giram 100 ake zubawa a tan guda na abinci, kuma kashi 10 cikin 100 ne kawai na garin yake sinadarin mai aiki. Wato giram 10 ke nan a kilo 1,000. An san abin da ke ciki, an san yawansa, an san ba zai canza daga buhu zuwa buhu ba. Mu kuwa cewa ake yi a zuba hannu guda, ko rabin gwangwani, ko a jiƙa har ruwan ya yi duhu. Mutum biyu da ke cewa suna ba kajinsu tafarnuwa, ɗaya na iya ninka ɗaya sau goma ba su sani ba.

Tafarnuwar ma tana da nata sirrin. Alisin da ake nema ba ya cikin ƙwayar da ba a fasa ba. Sai an daka ta, wasu sinadarai biyu da ke ajiye a rabe suka haɗu, sannan yake samuwa, kuma ba ya daɗewa. Zafi na lalata shi, zama cikin ruwa na rage shi. Wanda ya tafasa tafarnuwa, ko ya jiƙa ta a jarka ya bar ta a rana mako guda yana ɗiba, wari ya rage masa amma mafi yawan ƙarfin ya tafi. Haka kuma tururin da ake dunƙula abincin kamfani da shi yana korar sinadarai masu saurin tashi. Abin da bincike ya fi maimaita samu game da garin tafarnuwa shi ne yana rage kolestarol a jinin kaza. Batun ƙarin nauyi kuwa, wasu sun gani, wasu ba su gani ba. Yawancin gwaje-gwajen da suka ga amfani ba su wuce kashi 1 cikin 100 na abinci ba. In aka ɗauki rabin haka, giram 125 ke nan a buhu mai kilo 25, kuma sai an fara cakuɗa shi da ɗan abinci a kwano kafin a juye cikin sauran, in ba haka ba wasu kaji su cinye kason goma wasu su tashi a tutar babu.

Zogale labarinsa daban ne, domin shi abinci ne kafin ya zama magani. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na busasshen ganyensa furotin ne, ga kalsiyam, ga sinadarin da ke sa fata da ƙafar kaza su yi rawaya yadda masu saye ke so. Wannan ne ke jan mutane, musamman in waken suya ya yi tsada, su ce bari su cike gurbin da zogalen bayan gida. A nan ake faɗuwa. Ganye yana da harza mai yawa, cikin buroila kuwa ba na akuya ba ne, bai iya sarrafa harza ba. Akwai kuma sinadaran tanin da safonin da ke riƙe furotin su hana jiki tsotsa. In bai wuce kashi 5 cikin 100 na abinci ba, galibi kaji na ɗauka lafiya. In aka kai shi kashi 10 ko fiye, abin da aka fi gani shi ne girma ya ja baya. A shanya shi a inuwa, ba a tsakar rana ba, kuma a niƙa shi ya yi laushi.

Darbejiya da shuwaka da sassaƙen maɗaci su ne suka fi bukatar hattara, domin mun taso da ganin cewa ɗaci alamar magani ne. Tsofaffinmu suna jiƙa wa kajin gida maɗaci da barkono in annoba ta shigo unguwa, amma kazar gida in ruwan kasko ya yi mata ɗaci tana da wani wurin sha. Buroilar da ke kulle ba ta da zaɓi. Ruwan da take sha ya kusa ninka abincin da take ci sau biyu, a bazara ma ya wuce haka, kuma duk sanda ta rage sha sai ta rage ci. Ruwa mai ɗaci a ranar zafi yana iya yin ɓarnar da ta fi cutar da ake gudu. Darbejiya kuma, musamman 'ya'yanta, in ta yi yawa tana taɓa hanta da ƙoda. Ba cewa nake yi babu amfani a cikinsu ba, an ga shuwaka da ɗan ganyen darbejiya suna rage wasu matsalolin hanji. Amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke taimako da wanda ke cutarwa ƙarama ce, kuma ba da ido ake gane ta ba.

Akwai dalilan da suka sa sakamakon bincike ke cin karo da juna. Tsiro ba ƙwayar magani ba ne. Ƙarfinsa na sauyawa da iri, da ƙasar da ya tsiro a kai, da lokacin girbi, da yadda aka shanya, da watannin da ya yi a buhu. Kurkumin, sinadarin da ke aiki a cikin garin kurkur, yawanci tsakanin kashi 2 ne zuwa 5 cikin 100, kuma hanji ba ya tsotse shi sosai. A Bangaladash an taɓa gano ana zuba wa kurkur launin rawaya mai ɗauke da dalma don ya yi kyau a ido. Kayan yajin da ya sha danshi a rumbu kuma yana iya shigo da fumfuna cikin abincin da aka so gyarawa. Bayan haka, da yawa daga cikin gwaje-gwajen ƙanana ne, kaji kaɗan a kowane rukuni, kuma wanda ya samu kyakkyawan sakamako ya fi saurin bugawa a kan wanda bai ga komai ba. Sai kuma darasin 'yan tsakin Ingila: a ɗaki mai tsabta da abinci mai kyau, ganye ba ya nuna wani babban bambanci, domin babu abin da zai gyara. Bambancin ya fi fitowa inda akwai matsi daidai gwargwado. Inda ƙazanta ta yi katutu kuma, ganye ba ya iya ɗaukar nauyin.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Ana samun masu cewa da tafarnuwa da citta, ko da ɗan duman nan da Yarabawa ke kira tagiri, mutum ba ya bukatar rigakafin Lasota, wato na cutar Niyukasil, da na Gomboro. Wannan magana tana kashe jarin mutane. Niyukasil, mai murɗe wuya da koren kashi, da Gomboro, mai lalata gaɓar da ke gina garkuwar ɗan tsako, da murar tsuntsaye nau'in H5N1 da aka fara tabbatar da ita a Afirka a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, duk bairos ne ke kawo su. Antibayotik ma ba ya taɓa su. Rigakafi yana nuna wa jiki kamannin cutar tun kafin ta zo. Ganye ba ya koya wa jiki komai game da wata cuta ta musamman, iyakarsa ya sa jikin ya kasance cikin hali mai kyau. An ga wasu tsirrai suna ɗan ƙara ƙarfin amsar da kaza ke bayarwa bayan an yi mata rigakafi, amma sai an yi rigakafin tukuna. Wanda ya fitar da zubi biyu ko uku lafiya ba tare da shi ba, cutar ce ba ta biyo ta ƙofarsa ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana haɗa rigakafin Niyukasil da na Gomboro a nan gida, kuma kuɗin na kaza ɗaya bai kai ko kusa da abin da take ci a mako ba. A kuma kula: rigakafin da ake bayarwa a ruwa rayayyen abu ne mai rauni. Kwana ɗaya kafin ranar da kwana ɗaya bayanta a janye duk wani jiƙo, a wanke mazubin ruwa da tsabtataccen ruwa.

Kashin jini, wanda ƙwayar Eimeria ke kawowa, ya fi bugawa tsakanin mako na uku da na shida. A nan ganye na da ɗan abin faɗa. Dangin tazargade da ake cire maganin zazzaɓin cizon sauro daga cikinsa, da origano, da kurkur, an gwada su an ga suna rage raunin da ƙwayar ke yi wa hanji. Wannan a matsayin kariya ne. In jini ya riga ya fito a kashi, kaji sun takure sun saki fukafukai, lokacin jiƙo ya wuce, amfiroliyam ko toltirazuril ake nema bisa shawarar likita. Ƙwan ƙwayar kuma a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa yake nuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu, saboda haka gyara mazubin da ke ɗiga ya fi kowane haɗi tasiri.

Haka yake ga gubar fumfuna. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi diddigi aka tarar tunkuzar gyaɗa ce daga Barazil, daga nan aka san afulatoksin. Masarar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba, da tunkuzar da ta kwana biyu a danshi, su ne hanyarta zuwa ɗakunanmu. Tana kumbura hanta ta mayar da ita fara-fara mai saurin marmashewa, tana karya garkuwa har rigakafi ya ƙi kamawa. Kurkur na rage wani ɓangare na ɓarnar da take wa hanta, amma ba ya cire gubar daga abinci. Maganinta a gona da rumbu yake, shi ya sa cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta ƙirƙiro Aflasafe da ake watsawa a gonar masara da gyaɗa don rage gubar.

Saura lissafi, tunda abinci ne ke cinye kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. A ɗauka mutum na da kaji 500, kowacce za ta kai kilo 2.2. In kowane kilo na nauyi yana cin kilo 1.8 na abinci, jimilla kilo 1,980 ke nan. In wani haɗi ya sauko da shi zuwa 1.75, za su ci kilo 1,925. Rarar kilo 55 ce, buhu biyu da ɗoriya. Irin wannan ɗan bambanci shi ne abin da ya dace a yi tsammani, ba ninki ba. Sai a tambaya: kuɗin tafarnuwa ko cittar da aka zuba a kusan tan biyu na abinci ya gaza kuɗin buhu biyu? Amsar na sauyawa da kasuwa. Bayan cutar fumfunar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023, wuraren su Kachiya da Jaba da Kagarko, farashin citta ya kai inda zuba ta a abincin kaji asara ce ko da tana aiki.

Hanyar da mai kiwo zai san gaskiyar ɗakinsa ba ta da wuya, haƙuri kawai take so. A raba zubi ɗaya gida biyu da waya ko katako, 'yan tsaki daga kwali ɗaya, abinci ɗaya, rigakafi ɗaya. Gefe guda a ba shi abu ɗaya tak, a awon da aka ɗora a sikeli aka rubuta, ɗaya gefen a bar shi haka. Kowane mako a kama kaji ashirin daga kowane gefe ba tare da zaɓe ba a auna, a rubuta buhun da kowanne ya ci da adadin da suka mutu, a duba kashi da shimfiɗa. A zubi na gaba a sauya gefe, domin wani lokaci taga ce ko inuwar bishiya ke kawo bambancin, ba haɗin ba. In an haɗa abu biyar a lokaci guda, ko an ga sauyi ba za a san na wane ne ba. Wanda zai sayi haɗaɗɗen na kamfani kuma ya duba lambar NAFDAC, ya duba ko an rubuta abin da ke ciki da yawansa. Kwalbar da ta ce tana maganin Niyukasil da Gomboro da kashin jini da zafi duk a lokaci guda, a ajiye ta.

Makon ƙarshe kafin sayarwa yana da tasa matsalar. Kaji sun yi nauyi, ɗaki ya cika, mai su na tsoron kada wani abu ya taso ana gab da karɓar kuɗi, sai hannu ya kai ga ledar antibayotik a daidai lokacin da bai kamata nama ya ɗauki magani ba. In kajin lafiyarsu ƙalau, ɗan zogale ko kurkur ko citta a abinci ya isa ya tsaya a wannan gurbi, kuma babu kwanakin jira da za a ƙirga. In kuwa ciwo ne na gaske har likita ya rubuta magani, sai a ɗage ranar kasuwa har kwanakin da ke jikin leda su cika. Tafarnuwa kaɗai ce za a sassauta a waɗannan kwanaki, domin in ta yi yawa warinta na bin nama.